Daga Awartakin Wanzami Zuwa Dashen Haƙori: Tarihin Giɓi a Ƙasar Haɗejiya

A ƙasar Haɗejiya, kamar sauran ƙasar Hausa, an daɗe da sanin yadda ake cire haƙorin da ya lalace, amma mayar da wani a gurbinsa baƙon abu ne. Shekara da shekaru, wanda haƙorinsa ya fita sai dai ya haƙura da giɓinsa har ƙarshen rayuwa. A ƙarni na 20 ne aka fara toshe giɓi da haƙorin roba, alhazai kuma suka fara dawowa da haƙorin Makka. Dashen haƙori, wato kafa ƙarfe a cikin ƙashin muƙamuƙi a ɗora masa sabon haƙori, shi ne na baya-bayan nan, kuma har yau waɗanda suka ji labarinsa sun fi waɗanda suka gan shi yawa nesa ba kusa ba.

Masarautar Haɗejiya tana arewa maso gabashin Jihar Jigawa, da ƙananan hukumomi 8: Haɗejiya, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kirikasamma da Malam Madori. Kogin Haɗejiya ya ratsa ta, yana malala cikin fadamu duk damina kafin ruwansa ya haɗu da na kogin Jama'are su nufi Tafkin Chadi. Hausawa, Fulani, Mangawa, Badawa da Auyokawa ne mazaunanta, manoma da masunta da makiyaya, kuma abin da suke taunawa shi ya fara yanke hukunci a kan haƙoransu tun kafin wani mai magani ya sa hannu.

Cima da tsafta

Cimar mutanen da ita ce tuwon dawa da na gero, fura, shinkafar fadama, kifi ɗanye da banda, sai nama idan ya samu. Zaƙi kaɗan ne, kuma na lokaci-lokaci: zuma, rake, mazarƙwaila, dabino da goriba. Irin wannan abinci ba ya cika kawo kogon haƙori, domin ƙwayoyin cutar da ke huda haƙori da sukari suke rayuwa, suna mayar da shi ruwa mai tsami da ke cinye farin saman haƙorin. Illar tsohuwar cima ta wani gefen take. Garin da aka niƙa a dutsen niƙa ba ya rasa 'yar tsakuwa, kuma ita ce ke goge saman matauna a hankali har su dakushe. Ga gwaguyar goriba, wadda ta cika fadamun nan, ga aya, ga goro. Haƙori ma kayan aiki ne a wajen masunci mai gyaran koma da mai saƙar kaba, da shi ake riƙe zare, da shi ake tsinke shi.

Abin da ya fi zubar da haƙoran manya shi ne ciwon dasashi. Dauɗa ce ke taruwa a gindin haƙori ta daskare, dasashi ya kumbura yana jini, ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙorin ya riƙa zaizayewa ba tare da wani zafi mai tsanani ba. Bayan shekaru sai haƙori ya fara girgiɗi, wata rana ya faɗi lafiya lau, ko ɗigon kogo babu a jikinsa. Da yake ciwon a hankali yake tafiya, sai aka ɗauke shi a matsayin tsufa, aka ɗauki wawulo a matsayin abin da ke jiran duk mai tsawon rai. Alhali kuwa cuta ce, kuma ana iya tare ta.

Mutanen wancan zamani ba su yi sakaci da bakinsu ba. Aswaki na cikin sunnonin da kowane almajiri ke koya tun yana ƙarami, kuma littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan malamai sun sa shi cikin abubuwan da ake so a wajen alwala. Ana yin sa da saiwa ko reshen itacen aswaki, da marke, daga baya kuma da darbejiya, wadda wasu ke kira maina ko dogon yaro, bayan an shigo da ita Borno a ƙarshen shekarun 1920 ta bazu a Arewa. Wasu na haɗawa da garin gawayi, toka ko gishiri. Masu bincike na zamani sun tabbatar da cewa aswaki, idan an iya amfani da shi, yana kankare dauɗa sosai. Inda yake gazawa shi ne tsakankanin haƙora da bayan matauna na can ciki, wuraren da ciwon dasashi ya fi fara ɓarna.

Haƙori kuma abin ado ne. Hugh Clapperton, Baturen da ya biyo hanyar Borno ya yada zango a Katagum, maƙwabciyar Haɗejiya, kafin ya isa Kano a Janairun 1824, ya rubuta cewa ya ga maza da mata suna rina haƙora da leɓɓa da furen taba da na gurjiya. Wannan al'ada ta cin fure ta daɗe a hannun mata, ana goga furen a haɗa da goro har haƙora su yi ja. Wushirya ma abin so ce, har wasu kan sa a goge musu tsakanin haƙoran gaba don su same ta, duk da cewa malamai na hani da hakan saboda hadisin da ya la'anci masu tsaga haƙora don ƙawa. Shari'a ta ba haƙori daraja mai girma: akwai ƙisasi a kansa, kuma diyyar haƙori ɗaya raƙuma 5 ce, kashi ɗaya cikin 20 na diyyar rai. Al'ummar da ta yi wa haƙori irin wannan kuɗi ta san abin da rashinsa ke nufi.

Awartaki

Idan ciwo ya taso, a gida ake fara nema masa magani. Ana cusa kanumfari a kogon, ana kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi ko ruwan bagaruwa, ana danna garin taba da kanwa. Kanumfari dai yana da wani mai da ke kashe zafi, kuma har yau likitocin haƙori na amfani da sinadarinsa. Bayanin da aka fi yarda da shi game da kogo shi ne tsutsa ce ke cin haƙorin. Wannan fahimta ba ta Hausawa kaɗai ba ce, mutanen tsohuwar Iraƙi sun rubuta ta dubban shekaru da suka wuce, Turawa ma sun riƙe ta har ƙarni na 18, lokacin da Pierre Fauchard na Faransa ya yi watsi da ita a littafinsa na 1728. Sai a 1890 Willoughby Miller ya bayyana cewa ƙwayoyin cuta da sukari ne ke haɗuwa su yi ɓarnar.

Idan maganin gida ya gaza, sai wanzami. Wanzanci sana'ar gado ce mai shugabanci a hannun Sarkin Aska, kuma kowane gida yana da wanzaminsa da ke zuwa ranar suna ya yi aski, ya cire beli, daga baya ya yi kaciya da ƙaho. A cikin zabirarsa, ban da aska da ƙaho, akwai hantsaki da ɗan awartaki ƙirar maƙera, kuma da shi ake cire haƙori. Haƙorin da ya riga ya yi girgiɗi ba ya ba da wahala. Matauni mai saiwa biyu ko uku da ke zaune daram a cikin ƙashi shi ne aiki. Babu abin kashe zafi, sai a zaunar da mutum a riƙe masa kai, wanzami ya kama haƙorin ya girgiza ya fizge. Wani lokaci kan haƙorin ya karye ya bar saiwa a ciki, ta ci gaba da tara mugunya.

Bai kamata a raina wannan aiki ba. Ƙurjin da ke gindin haƙori yana iya kumbura fuska da ƙasan haɓa har ya toshe numfashi, kuma kafin zuwan magungunan kashe ƙwayoyin cuta cire haƙorin shi ne kaɗai mafita. Wanzamai sun ceci rayuka da awartakinsu. A Ingila ma masu aski ne ke cire haƙori, kuma ƙungiyarsu ɗaya da masu tiyata har zuwa 1745. Haɗarin aikin wanzami yana wajen kayan da ba a dafa ba, waɗanda ke iya ɗaukar ciwon hanta daga wani zuwa wani ko su jawo cutar sarƙe haƙora, sai kuma zubar jini ga wanda jininsa ba ya saurin tsayawa. Iyakar sana'ar kuwa a fili take: tana cirewa, ba ta mayarwa. Yaro mai famfara yana da wani haƙori a tafe, domin haƙoran yarinta 20 suna ba da wuri ga na girma 32. Babba ba shi da na uku.

Asibiti da haƙorin Makka

Turawa sun ci Haɗejiya da yaƙi a watan Afrilun 1906, inda Sarki Muhammadu Mai Shahada ya rasu yana kare birninsa. Aikin asibiti da ya biyo baya ya fi karkata ga annoba da manyan cututtuka, ta hannun ɗakunan shan magani na En'e, haƙori kuwa yana can baya. Ko a faɗin Nijeriya likitocin haƙori 'yan ƙalilan ne a zamanin mulkin mallaka, kuma mafi yawansu a Legas da manyan birane. Makarantar farko ta horar da likitocin haƙori a ƙasar an buɗe ta a Jami'ar Legas a 1966, Ibadan da Ife da Benin suka biyo baya. Arewa ta jira shekaru masu yawa kafin Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Bayero ta Kano su fara nasu. Mutumin Guri ko Birniwa da ke neman likitan haƙori a tsakiyar ƙarni na 20 sai ya kama hanyar Kano.

Duk da haka asibiti ya zo da abubuwa uku da suka sauya al'amarin. Na farko allurar kashe zafi, musamman lidoken da aka haɗa a Suwidin a 1943, wadda ta sa ana cire haƙori mutum na zaune ba a riƙe da shi ba. Na biyu ciko, wato a kankare ruɓaɓɓen wurin a cike kogon, haƙori ya tsira. Na uku haƙorin roba, wanda ake ƙerawa a kan ɗan faranti mai launin dasashi, ana sawa ana cirewa. Shi ne abu na farko da ya toshe giɓi a wannan ƙasa. Yana da araha, yana gyara dariya da magana, amma yana motsi idan ana tauna, ba ya jure rake ko kilishi, kuma da yawa masu shi kan cire shi su ajiye idan an kawo abinci.

Hanyar da ta kawo asibiti ita ta kawo sukari. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, layin Nguru da ya bi ta Malam Madori ya kammala a 1930, kaya suka yi sauƙin zuwa. Goro, wanda a da sai fatake sun ɗauko shi daga Gwanja, ya zama na kowa. Daga baya shayi mai sukari, minti, biskit da lemon kwalba suka shiga ƙauyuka. Sai kogon haƙori ya ƙaru a kan tsohon ciwon dasashi, musamman ga yara. Tare da shi kuma aka samu sababbin magungunan ganganci: ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, ɗiga fetur ko ruwan batir a cikin kogo. Waɗannan ƙona nama suke yi, ba sa taɓa tushen ciwon. Yawancin masu zuwa asibiti kuma sai haƙori ya gama lalacewa suke zuwa, shi ya sa har gobe cirewa ce aikin da ya fi yawa a sashen haƙori na asibitocin gwamnati.

Akwai wata cuta da tarihin baki a Arewa ba zai cika ba sai da ita, wato noma, wadda ake kira zaizayar baki. Daga ɗan gyambo a dasashin yaro mai tamowa take farawa, sau da yawa bayan ƙyanda, cikin kwanaki ta cinye kunci da leɓe. An buɗe asibiti na musamman dominta a Sakkwato a 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta.

Haƙorin Makka labarinsa daban ne. A da, aikin hajji tafiyar shekaru ce ta Borno da Chadi da Sudan. Daga shekarun 1950 jirgin sama ya gajarta ta, kuma a lokacin arzikin man fetur alhazan Nijeriya sun haura 100,000 a 1977. Cikin tsarabar da suke dawowa da ita har da haƙori mai ƙyalli, shaidar cewa mutum ya sauke farali. Mata sun fi sa na zinariya, maza na azurfa, saboda haramcin zinariya ga namiji. Malamai sun yi rangwame idan lalura ce, suna kafa hujja da Arfaja ɗan As'ad, sahabin da aka yanke wa hanci a wani yaƙi na jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinariya. Sai dai mafi yawan haƙoran Makka ba giɓi suke toshewa ba. Siririyar sutura ce ake zura wa lafiyayyen haƙori, wani lokaci bayan an ɗan goge shi. Idan bakinta bai zauna daidai a kan dasashi ba, abinci na maƙalewa a ƙarƙashi, haƙorin ya ruɓe a ɓoye. Abin takaici ne ado ya zama sanadin giɓi, kuma duk mai shi ya kamata likita ya riƙa duba masa.

Dashe

Tunanin kafa wani abu a ƙashin muƙamuƙi tsoho ne. A 1931 an tono wani muƙamuƙi na mutanen Maya a ƙasar Honduras, mai shekaru fiye da 1,000, da gutsattsarin ɓawon dodon koɗi na teku a gurbin haƙoran gaba uku. Matsalar da ta hana ci gaba ita ce jiki ba ya karɓar baƙo, yakan kewaye shi da nama har ya yi sako-sako ya fita. A 1952 wani likita ɗan Suwidin, Per-Ingvar Branemark, yana nazarin gudanar jini a ƙashin zomo, ya sa ɗan bututun ƙarfen titaniyom, da ya zo cirewa sai ya tarar ƙashi ya manne da shi gam. Ya shafe shekaru yana bin diddigin abin, a 1965 ya yi wa mutum na farko dashe a birnin Gotenbag, wani mai suna Gosta Larsson, wanda ya rayu da ƙarafan nan har rasuwarsa a 2006. Duniya ba ta rungumi aikin ba sai bayan wani taro a Toronto ta Kanada a 1982. Ya iso Nijeriya daga baya, ta asibitocin koyarwa da asibitoci masu zaman kansu na manyan birane.

Dalilin da ya sa dashe ya bambanta da haƙorin roba yana cikin ƙashi. Ƙashin muƙamuƙi yana riƙe kaurinsa ne saboda nauyin tauna da saiwar haƙori ke isar masa. Da zarar an cire haƙori sai wurin ya fara shanyewa, faɗinsa na iya raguwa da kusan rabi cikin shekarar farko. Haƙoran gefe su karkato cikin giɓin, wanda ke fuskantarsa ya zazzago. Wannan ne ke sa kumatun mai wawulo su lotsa. Haƙorin roba a kan dasashi yake zaune, ba ya hana wannan. Dashe kuwa yana maye gurbin saiwar kanta.

Aikin yana farawa da bincike. Likita zai duba baki, ya ɗauki hoton ƙashi don ya auna tsawo da kaurin abin da ya rage, ya kuma ga inda jijiyar da ke ratsa muƙamuƙin ƙasa take, da kogon iskar da ke saman matauna na sama, domin kada ƙarfe ya taɓa su. Zai tambayi ciwon sukari, hawan jini, shan taba da magungunan da mutum ke sha. Idan akwai ciwon dasashi, sai an yi wankin haƙori an magance shi tukuna. Idan ƙashi ya yi siriri, sai an ƙara shi da garin ƙashi na musamman an jira ya kama, abin da ke ƙara watanni da kuɗi. Ba a yi wa yaro, sai muƙamuƙi ya gama girma.

Ranar dashe mutum a farke yake. Abin da ya fi ji shi ne tsinin allura, daga nan leɓe da kunci su yi nauyi, wurin ya mutu. Likita zai tsaga dasashi ya buɗe ƙashi, ya huda shi da ɗan injin huji, yana farawa da siririn baki yana canzawa zuwa mai kauri. Ana kwarara ruwan gishiri mai sanyi a wurin, saboda zafin da ya haura digiri 47 na tsawon minti ɗaya yana kashe ƙashi, dashe kuma ba ya kamawa a mataccen ƙashi. Mai jinya ba ya jin zafi a wannan lokaci. Abin da yake ji shi ne ƙarar injin, da girgiza da ke ratsa ƙoƙon kai, da danna, da gajiyar buɗe baki. Sai a murɗa ƙarfen a cikin ramin, wata 'yar ƙusa ce mai zare-zare, kaurinta kimanin milimita 4, tsawonta kimanin milimita 10. A rufe a ɗinke. Na haƙori ɗaya yakan ɗauki kimanin awa guda.

Idan allura ta sake, ciwo na zuwa, amma yawanci bai wuce na cire haƙori ba, kuma maganin rage zafi na yau da kullum yana isa. Kumburi ya fi yawa a kwana na biyu da na uku, sannan ya sauka. Kunu, fura mai laushi da tuwo mai sanyi-sanyi su ne abincin makon farko, a tauna ta ɗaya gefen, a bar goro da taba. Daga rana ta biyu ana kurkure baki a hankali da ruwan gishiri mai ɗumi. Ana cire zare bayan kwana 7 zuwa 10. Jinin da ya ƙi tsayawa, zazzaɓi, mugunya, ko leɓen da ya ci gaba da mutuwa bayan allura ta daɗe da sakewa, dalilai ne na komawa wurin likita ba tare da jinkiri ba. Da yake akwai shan magani a kan lokaci, mutane da yawa kan kauce wa watan azumi.

Daga nan sai jira, kuma shi ne ginshiƙin aikin. Kamar dashen shinkafa a fadama ne, idan aka yi ta girgiza shi kafin saiwa ta kama ƙasa ba zai yi ba. A tsarin da Branemark ya kafa ana ba muƙamuƙin ƙasa kimanin wata 3, na sama kimanin wata 6 saboda ƙashinsa ya fi laushi, ko da yake ƙarafan zamani sun rage wannan lokaci ga wasu. A wannan tsakani ana iya sa haƙorin roba na wucin gadi idan giɓin a gaba yake. Idan ƙashi ya kama, sai a buɗe kan ƙarfen a ɗaura masa ɗan wuya da zai leƙo ta dasashi, a ɗauki awon baki, a ƙera haƙorin tangaran mai launin sauran haƙora, a ɗaura shi ko a manna.

Sabon haƙorin ba ya motsi, ba a cire shi da dare, kuma ana tauna da shi kamar na asali. Amma akwai ɗan bambanci. Haƙorin halitta yana rataye ne a cikin raminsa da wasu siraran zaruruwa masu jin nauyi, su ne ke sanar da mutum tsakuwa a cikin shinkafa kafin ya danna. Dashe ba shi da su, manne yake da ƙashi kai tsaye, don haka a makonnin farko mutum kan ji shi kamar baƙo a baki, kuma yana iya cizon abu mai tauri da ƙarfin da ya wuce kima bai sani ba. Ba ya yin kogo, amma dasashin da ke kewaye da shi yana kamuwa da irin ciwon da ya zubar da haƙoran kakanni, har ƙashi ya zaizaye ƙarfen ya saki. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na dashe suna nan bayan shekara 10. Waɗanda suka fi samun matsala su ne mashaya taba, masu ciwon sukarin da ba a kula da shi, da marasa tsaftar baki. Ta fuskar addini, malamai na ɗaukarsa a matsayin magani da mayar da abin da aka rasa, ba sauya halitta ba, kuma ba ya hana alwala ko wanka.

Ga mutumin Haɗejiya, wahalar ba a kan kujerar likita take ba. Akwai babban asibiti a garin, akwai manyan asibitoci a Dutse da Birnin Kudu, amma dashe aikin ƙwararru ne da aka fi samu a Kano, inda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da asibitocin kuɗi suke, sai Abuja da Legas. Tafiya ce ta kimanin kilomita 200, kuma ba sau ɗaya ba: bincike, dashe, cire zare, awo, ɗora haƙori, a cikin watanni. A shekarun ambaliya irin 2020 da 2022 hanyoyin yankin sun yanke, don haka ko damina tana shiga lissafi. Ƙarfen da kayan aikin daga waje ake sayo su da kuɗin waje, farashin haƙori ɗaya ya kai dubban ɗaruruwan naira, ya kuma ƙara tashi bayan faɗuwar darajar naira daga 2023. Likitocin haƙori a duk ƙasar 'yan dubbai ne ga mutum fiye da miliyan 200, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke karkara.

Shi ya sa, a yanzu, dashe na 'yan kasuwa ne da manyan ma'aikata da masu zuwa Masar ko Indiya ko Saudiyya neman magani. Kuɗin haƙori ɗaya na dashe zai yi wa ɗimbin mutane wankin haƙori da ciko, kuma da a ce kowace cibiyar lafiya daga Auyo zuwa Kirikasamma tana da ma'aikacin haƙori mai kayan aiki, da giɓin da ake neman toshewa ya ragu ƙwarai. Wanda bai da halin dashe yana da zaɓi biyu: haƙorin roba, ko gada, wadda ake yi ta hanyar goge haƙoran da ke gefen giɓin a rataya sabon a jikinsu. Gada ba ta motsi kuma ta fi dashe araha, sai dai tana taɓa lafiyayyun haƙora biyu.

Wanda aka yi wa dashe yana da aikin da ya rage a kansa: goge baki safe da dare da buroshi mai laushi, share tsakankanin haƙora da zare ko ɗan siririn buroshi, da zuwa a duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara, a ɗauki hoto idan likita ya ga buƙata don a ga ko ƙashi na nan yadda yake. Aswaki ba ya cutar da shi idan an tausasa bakinsa. Fasa goriba, tauna ƙashi da buɗe kwalba da baki suna iya tsaga tangaran ɗin ko su kwance abin da ya ɗaure shi. Ƙarfen da ke cikin ƙashi yana iya daɗewa shekaru gommai, haƙorin da ke kansa kuwa yakan buƙaci gyara ko sauyi bayan shekara 10 zuwa 15.